Bonhomie ba daga "homie" ta fito ba

Wani zai iya zaton kalmar bonhomie ta Turanci daga "homie" (wato aboki) ɗin 'yan Amurka take, tunda sun yi kama a kunne. To ba haka bane. Faransanci ce, daga bonhomme, bon mai kyau, homme mutum, 'yan Nijar da suka yi lakwal sun san wannan sarai, kuma ma'anarta fara'a da sakin fuska, irin mutumin da ko yau kuka haɗu zai ja ka da hira kamar kun saba. Tun ƙarni na 18 ta shiga Turanci, shi kuwa homie daga homeboy (ɗan unguwarku) aka gajarto shi. In kana tantama buɗe ƙamus mai nuna asalin kalma da lokacin shigowarta. Dan Allah a tura wa wasu.