Don Allah a daina kashe ganye da kanwa

Damina ta zauna, ganye ya cika kasuwa har roƙon mutum ake ya saya. Ga zogale a bayan ɗaki, ga rama da yakuwa a gefen gona, tafasa kuwa ko shuka ta ba a yi, da kanta take fitowa. Amma duk ranar awo sai na ja fatar idon mai ciki na tarar da shi fari fat, tafin hannu kamar an wanke da toka. In na ce, "Yaya, kina cin ganye kuwa?" sai ta ce, "Wallahi Malama kullum." Da ina zaton kunya ce ke sa su faɗi haka. Sai da na fara shiga gidaje na gane gaskiyarsu suke faɗa. Suna ci. Gawar ganyen suke ci.

Makon jiya na shiga wani gida duba mai jego, na tarar da uwar mijinta a bakin murhu. Zogale ne a tukunya, an cika ta da ruwa har wuya, an jefa kanwa mai girman goro, tun hantsi yake tafasa ga shi azahar ta kusa. Ina tsaye ta sauke, ta juye a kwando, koren ruwan nan ya bi rariya, akuya ta zo tana lasa. Ta matse ganyen da hannu biyu kamar mai matse wanki, ta sake ɗauraye shi, ta sake matsewa. Na ce, "Inna, ai akuyar nan ta fi mai jego morar zogalen." Ta yi dariya ta ce haka ta tashi ta ga ana yi, in ba kanwa ba ya laushi, kuma ɗaci zai hana yara ci. Ban ga laifinta ba, haka ni ma aka koya mini. Amma raina ya sosu, domin yarinyar da ake dafa wa tana kwance a ɗaki, jiri ya hana ta miƙewa.

Ba sai na yi dogon bayani ba. Abin da ke cikin ganye mai taimaka wa jini da lafiyar baki da fata, irin su bitamin C da wasu dangin bitamin B, ba ya jure kanwa, ba ya jure doguwar wuta, kuma ruwa yake bi. Kanwa ta lalata wani, wuta ta cinye wani, ragowar ki zubar a rariya. To me ya saura? Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da haihuwa kusa da kusa duk suna da hannu, na sani. Amma wannan na tukunya a hannunki yake, ko kwabo ba zai ci miki ba.

Na gaji da jin "ai kaɗan nake sakawa." Kaɗan ɗin nan a zogale, kaɗan a kuɓewa don ta yi yauƙi, kaɗan a yakuwa don a kashe tsami, kaɗan a wake don ya nuna da wuri. A wuni guda tukunya nawa ke nan? Ban hana ki ɗan wakenki ba, shi da kanwa aka san shi, kuma ba kullum ake ci ba. Ganye nake magana. Ɗanyen ganyen da aka tsinko da safe ba ya bukatar kanwa. Tsoho ne ke tauri, ki tsinki na toho mana. Kuɓewa in kin samu ƙanana kin gurza ko kin jajjaga ta sosai, kika buga da maburgi, za ta yi yauƙi ba tare da komai ba. Wake a jiƙa shi tun dare, itacen ma sai ya ragu. Tsamin yakuwa kuma ba aibu ba ne, gyaɗa kaɗan ke sassauta shi, shi ya sa miyar taushe mai kabewa da gyaɗa ta fi kowace miya samun yabo a wurina.

Maigida, kai ma da kai nake. Kai ne ke cewa miya ba ta nuna ba in ka ga ganye kore shar, sai an dafa ya koma baƙi kamar tsumma kafin ka yarda. Koren nan shi ake nema. Kuma ba sai da nama miya ke gina jiki ba: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, waken suya, duk suna nan a kasuwar ƙauye. Kwaɗon zogale da ƙuli da albasa da tumatir da ɗan mai, in an yi shi daidai, abinci ne na sosai ga mai ciki da mai shayarwa.

Ga abin da nake so a riƙe, na san aiki na jiran ku:

A wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yanka, ba bayan an yanka ba.
Ruwa kaɗan, a rufe tukunya, da ya yi laushi a sauke.
A miya ko fate, ganye ne ƙarshen shiga.
Ruwan da ya rage a juye a miya ko faten yara, kada ya ga rariya.
A sa ɗan manja ko man gyaɗa, sai da mai jiki ke karɓar abin da ke kare ido daga dundumi.
A matsa lemun tsami a kwaɗo, a jinkirta shayi kada a kora abinci da shi.
Wanda za a ajiye don rani a shanya shi a inuwa, a rufe daga ƙura da kaji.
Yaro daga wata shida a dama masa ganye da kabewa a abincinsa, nono kuma ya ci gaba.

Kanwa kuma a bar ta a kan kanta.

Mai ciki da ke jin jiri ko haki ko bugun zuciya kada ta ce za ta gyara da zogale kawai. Ta zo a auna jininta, ta karɓi maganin ƙarin jini, ta kuma sha shi, ba ta ɓoye a ƙarƙashin katifa ba don yana sa bayan gida ya yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Gidan Inna kuwa na ce zan koma ranar Laraba da hantsi, lokacin da tukunya ke kan wuta, kuma ni zan riƙe murfin.