Kula da Tufafin Tuƙin Kwale-kwale Masu Hana Ruwa Shiga

Tufafin da masu tuƙa kwale-kwale da filafili ke sawa a ruwa mai sanyi iri biyu ne. Akwai na robar niyofirin, wadda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930. Wannan yana barin ɗan ruwa ya shiga, jiki ya ɗumama shi. Akwai kuma busasshiyar riga, mai rufe mutum daga wuya har ƙafa ba tare da ɗigo ya taɓa fata ba. Yawanci ana ɗinka ta da yadi mai fitar da tururin gumi, irin su Gore-Tex, wanda ya samo asali daga binciken Bob Gore a 1969. Busasshiyar rigar ce mai tsada, ita ce kuma mai son lallashi.

Ba ruwan kogi ko teku ne ya fi kashe waɗannan tufafi ba, abin da aka bari a jikinsu ne. Gishiri idan ya bushe yakan zama ƙanƙara-ƙanƙara masu cin yadi da zif, gumi da maiƙon jiki kuma su toshe ƙofofin da yadin ke numfashi ta cikinsu. Shi ya sa ake ɗauraye su ciki da waje da ruwa mai daɗi bayan kowace fita. In wanki ya zama dole, sai a yi da hannu, da ruwan sanyi da sabulu marar kaifi. Bilic da ruwan tausasa tufafi ba su da wuri a nan.

Inda rigar ta fi rauni shi ne robar lateks mai laushi da ke matse wuya da wuyan hannu. Hasken rana na cin ta, haka man shafawa na kare fata daga rana, da maganin sauro mai sinadarin DEET. Har iskar ozon da injunan lantarki ke fitarwa tana tsufar da ita, don haka ajiye riga kusa da injin da ke aiki ganganci ne. Alamar mutuwar robar ita ce ta fara danƙo ko ta tsattsage. Ana shafa mata mai na musamman irin 303 don jinkirta hakan, amma komai kulawa, wata rana sai an sauya ta. Abin sauƙin shi ne ana cire tsohuwar a manna sabuwa, ba sai an zubar da rigar ba.

Zif na ƙarfe ana goge shi da ƙaramin buroshi a shafa masa kakin zuma ko na kyandir; na roba kuwa man silikon ake ɗiga masa a ƙarshensa. Kada a taɓa lanƙwasa zif da ƙarfi, domin karyewarsa gyara ne mai cin kuɗi.

Shanya a inuwa ake yi, a fara da cikin rigar sannan a juyo bayanta. Injin busar da kaya na lalata robar lateks. Wanda ya naɗe rigar da danshi zai tarar da fumfuna da wari, wani lokaci har tef ɗin da ke rufe ɗinki ya fara ɗagowa. Ta bushe sarai, sai a rataye ta a faffaɗan hanga ko a naɗe ta sako-sako, a wuri mai sanyi da duhu.

Idan ana zargin yoyo, akan juya rigar, a ɗaure bakunanta, a cika ta da ruwa a ga inda ke tsattsafowa, a yi wa wurin alama, bayan ya bushe a liƙe shi da gam irin Aquaseal.