Kiwon zomo a makaranta

Kiwon zomo a makaranta shi ne ajiye zomon gida a harabar makaranta domin yara su koyi kula da dabba, ko domin darasin aikin gona da na kimiyyar halittu. A birnin Kano an fi ganinsa ta fuska biyu. Akwai makarantun nazare da firamare masu ajiye zomo biyu ko uku don yara su riƙa kallo suna ba su ganye, akwai kuma makarantun sakandare da ke koyar da kiwon dabbobi, inda zomo ke cikin ƙananan dabbobin da ɗalibi zai iya gwada hannunsa a kansu. Ana zaɓarsa saboda ba ya kuka, ba ya cin fili kamar akuya, kuɗin sayensa kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan sauƙin ne ke sa a ɗauka ba shi da wata buƙata, alhali yana da ita, kuma mafi yawanta ba ta dace da agogon makaranta ba.

Asalin dabbar

Zomon gida, wanda masana ke kira Oryctolagus cuniculus, asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa ke haƙa ramuka suna zama a ƙarƙashin ƙasa jama'a-jama'a. Ba shi ne zomon dajin ƙasar Hausa ba, wanda aka yi wa karin maganar kowa ya ci zomo ya ci gudu. Na dajin wani jinsi ne dabam: ba ya haƙa rami, a sarari yake haihuwa, 'ya'yansa kuma da gashi da ido buɗe suke zuwa duniya. Su biyun ba sa barbara da juna. Wanda ya ɗauka na gida zai jure rana da ƙishi irin na daji, ya yi kuskure tun daga tushe.

Nau'o'in da aka sani a Najeriya sun haɗa da New Zealand White, fari fat mai jan ido, da Chinchilla mai ruwan toka, da Dutch, da California, sai dai yawancin waɗanda ake samu a kasuwa ruwa-biyu ne. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, tana cikin wuraren da ake nazarin kiwonsa a Arewa. Zomon da ya samu kulawa yakan yi shekara 8 zuwa 12. Wato zomon da aka saya wa 'yan aji ɗaya zai iya ganin fitarsu daga aji shida.

Halinsa da lokacin makaranta

Zomo dabba ce da ake farauta, kuma duk ginin jikinsa na mai tsoro ne. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan ko'ina a kewayensa ban da daidai gaban hancinsa. Hannun da ya sauko masa daga sama, a wurinsa shaho ne. Idan ya firgita yakan buga ƙafar baya a ƙasa, ko ya ƙame wuri ɗaya, sai yara su ce ya yi lamo yana jin daɗi. Haka nan yana ɓoye ciwo, don a daji mai nuna rauni shi ake fara kamawa.

Lokacin kuzarinsa asuba ne da kuma daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba. Tsakar rana hutawa yake yi. To lokacin da yake son kwanciya shi ne lokacin da aka buga ƙararrawar tara, yara suka yi masa caa, lokacin da yake son tsalle da kiwo kuma an riga an rufe makaranta an kulle shi a keji. Saboda haka masu kula da walwalar dabbobi da yawa ba sa goyon bayan ajiye zomo cikin aji kwata-kwata. Inda aka ajiye shi a makaranta, wurinsa shi ne wani lungu mai shiru, nesa da filin ƙwallo da wurin taron safe da injin janareta.

Ba ya zaman kaɗaici. Mafi dacewa a ajiye biyu, namiji da mace da likitan dabbobi ya yi wa aikin hana haihuwa. Maza biyu da suka balaga faɗa suke yi har su ji wa juna rauni. Haɗa shi da kaji ko tantabaru keji ɗaya ba abota ba ce, ƙazanta ce da tsangwama.

Matsuguni

Kejin da kafinta ya saba yi, akwati mai ƙafa huɗu da ragar waya, an ƙirƙire shi ne don zomon nama da za a yanka cikin 'yan watanni. Bai isa gidan dabbar da za ta shekara goma ba. Wata ƙungiyar kula da walwalar zomaye ta Birtaniya ta ba da ma'aunin da ake yawan kafa hujja da shi: zomo biyu matsakaita suna buƙatar wurin da bai gaza mita 3 a tsawo, mita 2 a faɗi, mita 1 a tsayi ba, kuma ya kasance a buɗe gare su dare da rana. Hikimar ma'aunin ita ce zomo ya iya yin tsalle uku a jere, ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya ba tare da kunnensa ya taɓa rufi ba, ya kuma kwanta ya miƙe sosai. Makarantar da ke da wani ƙaramin ɗaki mai taga da ba a amfani da shi, ko baranda da za a iya kewayewa da raga, ta fi mai sabon keji kusa da biyan wannan buƙata.

A cikin wurin dole a sami maɓoya, akwati ko tukunyar ƙasa babba da aka kwantar, aƙalla ɗaya ga kowane zomo, kuma an fi son mai ƙofa biyu. Yara su san cewa zomon da ya shiga maɓoyarsa ba a zaro shi. Daɓen waya zalla yana cinye gashin tafin ƙafar baya har ya zama gyambo, don zomo ba shi da tsokar tafi irin ta kare ko kyanwa. Sai a shimfiɗa katako ko tabarma da busasshiyar ciyawa. Daɓen ƙasa yana da sanyi kuma yana ba shi damar tono, amma sai an binne raga ko an yi gindin siminti a kewaye, in ba haka ba wata safiya za a tarar da rami ba zomo. Ragar ta zama mai ƙananan ido da kauri, domin ɓera da gafiya suna cin jarirai, kyanwa da kare da maciji kuma ba sa raina babba. Katakon da ya taɓa ƙasa rabon gara ne. Ƙofa kuma a sa mata kwaɗo.

Zafi

A Kano wannan ne babban abin da ke kashe zomo, kuma shi ne abin da littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika tsayawa a kansa ba. Zafin jikin zomo yana tsakanin digiri 38.5 da 40 a ma'aunin Salsiyos, yanayin da ya fi jin daɗi kuma wajen digiri 15 zuwa 21 ne. Ba ya gumi. Ta kunnuwansa, masu cike da jijiyoyin jini, yake fitar da zafi. Da zarar yanayi ya haura digiri 30 ya shiga wahala, cin abincinsa ya ragu, idan ya wuce 35 kuwa yana iya mutuwa cikin sa'o'i. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, rana a Kano takan kai digiri 40. A ƙarƙashin rufin kwano marar silin abin ya fi haka.

Alamar zafi ya kama shi ita ce ya baje a ƙasa yana haki, kunnuwa su yi ja su yi zafi, hanci da baki su jiƙe. Zomon da ke numfashi ta baki yana bakin mutuwa. Sai a kai shi inuwa, a shafa wa kunnuwansa ruwa mai ɗan sanyi, a nemi likita. Ba a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara.

Rigakafin yana cikin ginin. A kafa wurin ƙarƙashin inuwar darbejiya ko mangwaro, a duba inuwar da ƙarfe uku na rana, ba da safe ba, don inuwa tafiya take yi. A ɗora zana ko bunu a kan kwano, a bar iska tana ratsawa ta ɓangare biyu. Buhun algarara da aka jiƙa aka rataya a jikin raga yana sanyaya iskar da ke shiga, musamman a bazara da iska ke bushe. Randa ko tulu cike da ruwa a kusurwa yana ba zomo abin da zai jingina da shi, gorar ruwa mai ƙanƙara da aka naɗe da tsumma ma haka. Ɓangaren gabas a toshe shi saboda hadarin damina, na yamma a yi masa kariya daga ranar la'asar. Hunturu bai cika damun babban zomo ba muddin yana da shimfiɗa busasshiya, sai dai ƙura da iskar dare suna jawo masa mura, jarirai kuma sanyi na kashe su.

Abinci da ruwa

Haƙoran zomo 28 ne kuma ba sa daina tsiro, na gaba sukan ƙaru da kusan milimita 2 a mako. Tauna ciyawa ce ke goge su. Hanjinsa ma da harza yake aiki, shi ya sa ake cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na abincinsa ciyawa ce ko ingirici, kashi 10 ɗanyen ganye, kashi 5 kacal abincin buhu. Harkiya da burburwa da kyasuwa duk yana ci, harawar gyaɗa da ta wake kuma su ne madogara da rani, idan ba su yi fumfuna ba. Ganyen dankalin Hausa da zogale da ganyen karas suna da kyau. Shi karas ɗin kansa, da aka ɗauka abincin zomo ne, zaƙinsa ya yi yawa, ɗan yanki ya isa. Dusa zalla tana sa ƙiba da lalacewar haƙori.

Ragowar ganye daga kasuwar 'Yankaba hanya ce mai arha, amma sai an wanke an bar shi ya tsane saboda maganin feshi, kuma sabon ganye kaɗan-kaɗan ake fara ba shi. Ba a ba zomo albasa, ko ganyen tumatir, ko na dankalin Turawa, ko ɗanyen rogo. A makaranta haɗarin da ya fi kusa shi ne abin da ke cikin jakar yara: biskit, alewa, cincin, burodi. Zomo ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Kashinsa iri biyu ne. Akwai busasshe mai kama da ƙwaya, akwai mai laushi da yake cinyewa kai tsaye daga jikinsa, yawanci da dare, don ya sami sinadaran da suka rage. Wannan lafiya ce, ba ƙazanta ba. Ruwa kuwa kada ya yanke ko na sa'a ɗaya. Maganar da ake yi cewa ganye ya ishe shi ba gaskiya ba ce. Kasko mai nauyi da ba zai kifar ba ya fi gwangwani.

Ɗauka da lafiya

Ba a ɗaukar zomo ta kunne. Ƙashinsa marar nauyi ne, ƙafafun bayansa kuma masu ƙarfi, idan ya yi wutsil-wutsil a hannu yana iya karya gadon bayansa da kansa. Ana sa hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafe ƙugu, a manna shi a jiki. Ga ƙananan yara, abin da ya fi shi ne su zauna a ƙasa, biyu ko uku a lokaci guda, zomon ya zo da kansa. Kwantar da shi rigingine har ya sandare tsoro ne, ba barci ba. Bayan an taɓa shi a wanke hannu da sabulu, don makero yana iya tsallakawa daga zomo zuwa yaro.

Cututtukan da aka fi gani su ne ƙazuwar kunne da ta fata, da zawo musamman ga waɗanda aka yaye, da mura mai majina, da tsutsar ƙuda a gindin zomon da ya ɓaci da kashi. Akwai kuma wata annobar zubar jini da aka fara ganowa a Sin a 1984, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2020, tana kashe zomaye farat ɗaya. Saboda irinta ne ake ware sabon zomo aƙalla mako biyu kafin a haɗa shi da na gida. Zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba, ko kashinsa ya tsaya, maganarsa ta asibitin dabbobi ce a ranar. Kada a sayo masa magani a kemis: amoksisilin da danginsa na sha suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, su kashe shi.

Haihuwa

Mace takan balaga a wata 4 zuwa 6, cikinta kwana 31 ne ko kusa da haka, takan haifi 4 zuwa 12, kuma tana iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwa. Jariran ba gashi, idonsu sai wajen kwana 10 yake buɗewa. Uwar sau ɗaya ko biyu take shayar da su a yini, na 'yan mintuna, don haka rashin ganinta a kansu ba guduwa ba ne. Makarantar da ta haɗa namiji da mace ba tare da shiri ba, kafin ƙarshen zango na biyu kejin ya cika.

Ranakun da ba kowa

Mako yana da kwana bakwai, makaranta biyar take buɗewa. Daga tashin Juma'a zuwa safiyar Litinin ya haura sa'a 60, ga hutun ƙarshen zango, ga na Sallah, ga dogon hutu na damina. Hutun zango na biyu kuma yakan faɗo cikin tsananin zafin Afrilu. Zomo yana buƙatar a duba shi safe da yamma kowace rana. Rarraba shi ga yara su tafi da shi gida bi da bi yana gigita shi, tafiyar a adaidaita sahu cikin rana ma kaɗai ta ishe shi wahala.

Daga rahoton Brambell na 1965, wani bincike da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi kan walwalar dabbobin kiwo, aka samo tushen haƙƙoƙi biyar na dabbar da ke hannun mutum, waɗanda aka tsara daga baya kamar haka: kada ta yi yunwa ko ƙishi, kada ta takura, kada a bar ta da ciwo, kada ta zauna cikin tsoro, kuma ta sami damar yin ɗabi'arta. Ga mutanen Kano maganar ba baƙuwa ba ce, don yaran Islamiyya ma sun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A aikace, ana ɗora nauyin a kan babban mutum guda da aka ambata da suna, malamin aikin gona ko wani, da mataimaki idan ya yi tafiya. Idan maigadi ne zai riƙa dubawa a ƙarshen mako, a koya masa alamomin ciwo, a ba shi lambar likita, a kuma biya shi ladan aikin. Kuɗin harawa da na magani su shiga kasafin makaranta tun farkon shekara. Ɗalibai suna iya sharar keji da canza ruwa da rubuta abin da zomo ya ci a littafi, malami yana bin bayansu yana dubawa.