Shimfiɗa Hanyar Tsakuwa a Tsakar Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Me zai sa a zaɓi tsakuwa maimakon siminti?

Ta fi arha, kuma ruwa na ratsa ta ya shige ƙasa, ba ya kwanciya. Gidan da taɓo ke hana sakewa da damina, daga zaure zuwa ƙofar ɗaki ko madafa, shi ya fi cin moriyarta.

Ba zuba ta kawai ake yi a baje ba?

A nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Tsakuwar da aka zuba kan ƙasa kai tsaye, damina ɗaya ta isa laka ta haɗiye ta. Ainihin aikin yana ƙarƙashi. A kafa turaku, a ja igiya, a fitar da faɗin hanyar. Mita 1 ya isa baro ya wuce. Sai a haƙa zurfin santimita 10 zuwa 15, a tumɓuke ciyawa har saiwarta. A zuba marmara ko fasasshen dutse, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai kamar yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki. In ka taka sawunka ya fito, daɓen bai yi ba, a ƙara. A bar ɗan gangare zuwa gefe ɗaya, wajen santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya nufi rariya, ba gindin katanga ba.

Wace tsakuwa ta fi?

Wadda aka fasa da inji, mai kaifin gefe, girman milimita 10 zuwa 20, domin tana sarƙe juna ta zauna. Ta kogi ta fi kyan gani da daɗin takawa, amma santsinta na sa ta zame. In za a baje ta a kan daɓen, kaurin santimita 4 zuwa 5 ya wadatar. In ya zarce haka, ƙafa za ta riƙa nutsewa.

Nawa zan saya?

Hanya mai tsawon mita 10, faɗin mita 1, kaurin santimita 5, rabin mita kubik za ta ci. Tipa guda ta yi mata yawa, sai dai a haɗa kuɗi da maƙwabci.

In shimfiɗa leda a ƙasa don hana ciyawa?

A'a. Leda na tare ruwa, hanyar ta koma kududdufi. Akwai shimfiɗa ta musamman mai barin ruwa ya ratsa. In ba a samu ba, daɓe mai kyau da cire ciyawa tun tana ƙarama sun isa.

Ta yaya za a hana tsakuwar watsewa?

A jera bulo ko duwatsu a gefe biyu, a binne rabinsu. Inda indararo ke zuba kuma, a ajiye faffaɗan dutse, in ba haka ba ruwan zai tone wurin.

Wa ba ta dace da shi ba?

Gidan da ke da mai keken guragu, ko tsoho mai dogara sanda, gara siminti. Shara ma sai an canza hannu: tsintsiya na kwashe tsakuwa, manjagara ake ja a hankali. Masu kaji kuwa su shirya, don tonon ba ya ƙarewa.