Sojojin helikwafta na Amurka a Biyetnam: ba daga sama aka yi yaƙin ba

Fina-finai sun cusa wa mutane cewa rundunar 1st Cavalry ta Amurka daga cikin jirage masu saukar ungulu take yaƙi, ta yi ruwan wuta ta wuce. Ba haka abin yake ba. Ko zuwanta Biyetnam ma ta ruwa ta yi: a Satumba 1965 jiragen ruwa suka sauke sojojinta da helikwaftocinta sama da 400 a Qui Nhon, wani gari a bakin teku a Biyetnam ta Kudu, ta kafa sansani a garin An Khe.

Babban aikin jiragen shi ne jigila, su kai soja da harsashi da ruwan sha, su kwaso waɗanda suka jikkata. Ranar 14 ga Nuwamba a kwarin Ia Drang, helikwaftoci 16 samfurin Huey ne suka yi ta safa da marwa da bataliyar Laftanar Kanar Hal Moore, don haka kashi-kashi aka sauke ta. 'Yan sahun farko suna cikin doguwar ciyawa aka buɗe musu wuta, alhali sauran ba su gama isowa ba.

Ranar 17 ga watan kuwa wata bataliyar tana takawa a ƙasa, a gajiye, sojojin Biyetnam ta Arewa suka yi mata kwanton ɓauna kusa da wani filin saukar helikwafta da Amurkawa suka laƙaba wa suna Albany. Amurkawa fiye da 150 suka mutu a wurin.