Kula da Zuciya da Gudanar Jini a Sefsis Mai Tsanani

Sefsis yanayi ne da garkuwar jiki ke wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayoyin cuta har ta illata gaɓoɓin mai ita. Idan ya yi tsanani, jijiyoyin jini sukan saki, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu, matsin jini ya faɗi, ƙoda da ƙwaƙwalwa su rasa isasshen jini. Bisa ma'anar da masana suka amince da ita a 2016, ana cewa majiyyaci ya kai wannan mataki idan, duk da ƙarin ruwan da aka yi masa, sai da maganin tsuke jijiyoyi matsakaicin matsin jininsa ke tsayawa a 65, sinadarin laktet kuma, wanda kan ƙaru idan gaɓoɓi ba sa samun isasshen jini, ya haura milimol 2 a kowace lita ta jininsa. Ciwon huhu, ɓulewar hanji sanadiyyar taifot da zazzaɓin bayan haihuwa na cikin sabubban da likitoci suka sani a manyan asibitoci irin su Barau Dikko a Kaduna da na Shika a Zariya.

Matakin farko shi ne ƙarin ruwa, kimanin mililita 30 ga kowane kilo na nauyin babban mutum cikin sa'o'i 3 na farko, tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a guda. Sai dai ruwa yana da iyaka, kuma a nan ne hankalin likita ya fi muhimmanci. Binciken da aka wallafa a 2011 kan yara fiye da 3,000 a Yuganda, Kenya da Tanzaniya ya nuna cewa ɗura ruwa da gaggawa ya ƙara yawan mace-mace. Wannan darasi ne mai nauyi ga asibitin da na'urar taimakon numfashi ta yi ƙaranci, domin ruwan da ya taru a huhu ba ya fita da sauƙi. Saboda haka ake sake duba majiyyaci a kai a kai: yawan fitsarinsa, ɗumin hannuwansa, da saurin dawowar jini a yatsa bayan an danna shi.

Idan matsin bai tashi ba, maganin tsuke jijiyoyi mai suna noradirenalin ne zaɓin farko, kuma ana iya fara shi ta jijiyar hannu maimakon jiran a sa bututu a babbar jijiya. Akan ƙara basofiresin, wani maganin tsuke jijiyoyin, idan buƙatar noradirenalin ta yi yawa, a ba da haidirokotizon, maganin da ke taimakawa wajen ɗaga matsin jini, miligiram 200 a rana, sannan dobutamin, maganin ƙara ƙarfin bugun zuciya, idan zuciyar ce da kanta ta raunana. Duk wannan ba ya wadatarwa muddin ba a kawar da tushen cutar ba, ko da kuwa sai an yi tiyata an fitar da mugunya.