Aljabara Ba Ruɗani Ba Ce

Da zarar sakamakon WAEC ko NECO ya fito, sai kalmar aljabara ta cika gidajen rediyo. Mai sharhi ya ce ita ta kayar da yara, ɗan siyasa kuma ya ce kasafin kuɗin abokin hamayyarsa "aljabara ce kawai", wato abin da aka cukurkuɗa don kada kowa ya gane. Wannan na biyun shi ke ci mini tuwo a ƙwarya, domin ya kifar da ma'anar ƙasa a sama.

Asalinta Larabci ne, al-jabr, ɗorin ƙashin da ya karye. Har Sifaniyawa sun daɗe suna kiran maɗori "algebrista". Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya sa ta a sunan littafin da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Abin da yake nufi mai sauƙi ne. In an ce wani adadi an cire masa 4 ya zama 6, to ya samu karaya. Sai ka mayar da 4 ɗin a ɓangarorin biyu, adadin ya fito cikakke, 10. Ɗorin ke nan.

Abin da malaman sakandare ba su cika faɗa wa yara ba shi ne, babu x ko y a littafin nan ko sau ɗaya. Da zance ya rubuta komai. Abin da ba a sani ba ya kira shi "shai'", wato abu, kuma kaso mai yawa na littafin lissafin gado da wasiyya ne. Kenan almajirin da ya iya raba tumunin mata da sudusin uwa ya riga ya taka ƙofar aljabara, ko da bai taɓa ganin allon aji ba.

Inda na fi ganin ɓarnar hadda shi ne wajen warware adadi biyu da aka sa a cikin baka, wato alamar ( ). Ka ba ɗalibi (a+b)², nan take ya rubuta a²+b², ya rufe littafi. Amsar daidai ita ce a²+2ab+b², amma ya jefar da 2ab, don an ba shi ita a matsayin ƙa'idar da za a haddace, ba a nuna masa daga inda ta fito ba. To a auna fili, tsawo mita 10, faɗi mita 10, a ƙara mita 3 a kowanne, wato a shi ne 10, b kuma 3. Sabon filin 13 sau 13 ne, 169. Tsohon fili 100, ɗan murabba'in kusurwa 9, jimilla 109. Ina sauran 60? Su ne zirin gefe guda biyu, kowanne 10 sau 3. Ga 2ab ɗin a kwance a ƙasa, ana iya taka ta da ƙafa. Da irin wannan zanen murabba'i Alkhawarizmi kansa ya tabbatar da amsoshinsa.

Daga nan jerin 1, 2, 1, wato a² ɗaya, ab biyu, b² ɗaya, ya zama 1, 3, 3, 1 a (a+b)³, sannan 1, 4, 6, 4, 1, in an jera su layi ƙarƙashin layi kamar dala, kowane adadi na ciki jimillar biyun da ke samansa ne. Littattafan makaranta na kiransa dalar Pascal, Bafaranshen da ya yi rubutu a kai a 1654, alhali masanin lissafi Alkaraji ya bayyana shi wajen shekarar 1000, Yang Hui na Sin kuma ya zana shi a 1261.